Tasar Gwaggo Mai Rubutu a Baki

Ni mutum ne mai yawan waswasi, tun ina yaro. Idan na yi alwala sai na sake, don ban tabbata ruwa ya kai dunduniya ba. Idan na ɗaure akuya na kama hanyar gona, sai na komo daga rabin hanya in duba igiya. Mutanen unguwarmu sun san ni da haka har sun gaji da dariya. Na faɗi wannan tun farko don a san irin idon da ya ga tasar da zan ba da labarinta.

Unguwarmu tana arewa da Minjibir. Ba gari ba ce, gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowanne da rumbunansa da kukarsa ko ɗorawarsa. Gona na bin gona, babu daji a tsakani, in ka yi tari a taka sai maƙwabci ya ce maka sannu daga tasa gonar. A zamanin nan ayarin raƙuma na saukowa daga arewa da gishiri da kanwa, fatakenmu kuma na ɗaukar baƙin saƙi da jar fata su tsallake hamada. Ni ban taɓa zuwa ko'ina ba. Karatuna ma bai yi nisa ba. Na yi babbaƙu da farfaru, na riƙe abin da zan yi salla, na ɗan taɓa gaba kaɗan, sai mahaifina ya rasu, na jingine allo na ɗauki fartanya.

Matata 'yar gwaggona ce, wato ƙanwar mahaifina ta haife ta. Saboda haka Gwaggo ta zama mini abu biyu, ga ta uwa ga ta suruka, kunya kan kunya. Matata kuwa abokiyar wasana ce tun muna ƙanana, aure bai sa ta daina tsokanata ba. Ita ce autar Gwaggo, don haka babu irin kawaicin nan na 'yar fari tsakaninsu, komai nata Gwaggo na ciki.

Haihuwar matata ta fari ɗan ya zo babu rai. Na biyu namiji ne, ya yi kuka, ya kama nono, ya koma kafin a raɗa masa suna. Daga nan na fara jin kalmar wabi na tashi a bakin rijiya, in na iso a yi shiru. Da ciki na uku ya bayyana, sai na zama ba na iya cin tuwo ba tare da na tsaya ina lissafin abin da muka yi ba daidai ba a baya. Na zargi rijiya, na zargi tsamiyar da ke bayan gida, na zargi wata mata mai kawo daddawa da ke yawan kallon cikin mutane.

Abu ɗaya ban zarga ba, shi ne tasar Gwaggo.

Duk unguwa an san da ita. Tasa ce ta tagulla da marigayi mijin Gwaggo, wanda bafatake ne, ya kawo daga arewa. Aka ce ayoyi ne aka rubuta a bakinta. Duk macen da naƙuda ta kama, sai a aika gidan Gwaggo, ta zo da ita a naɗe cikin tsumman saƙi, a zuba ruwa a ba mai naƙuda ta sha. Gwaggo ba ta karɓar komai sai goro. Maza ba sa ganinta, kayan mata ce. A ɗakin Gwaggo tana rataye a ragaya, can ƙololuwa, sama da gafakar Alƙur'anin marigayi, kuma ba a taɓa ta sai da alwala.

Gab da faɗuwar damina Gwaggo ta aiko in zo in gyara mata jinka, ciyawar ta zube ta gefen gabas. Kafin in hau sai ta ce in sauko mata da ragayar, kada ƙura ta zuba wa tasa.

"Kana da alwala?"

"Ina da ita, Gwaggo."

"Ta nawa ke nan yau?" Ta yi dariya. "Sauko da ita, sarkin waswasi."

Ina saukowa tsumman ya zame. Ban yi niyyar kallo ba, amma da na ga rubutu sai na ce bari in karanta ko kalma ɗaya ce, in sami albarka, ko Allah ya sa ta shafi abin da ke cikin matata. Gwaggo ta fita kora kaji daga shanyar kuka. Na matsa bakin ƙofa inda haske yake.

Tasar ƙarama ce, tafin hannu biyu ya ishe ta. Ta yi kore-kore a gindi don tsufa. A gefe ɗaya akwai tabo, alamar da tana da mariƙi ya karye. Jikinta an yi masa ɗakuna-ɗakuna ƙanana, an cika su da wani abu mai ƙyalli kamar tsakiyar da mata ke sawa a wuya, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, wasu sun ɓanɓare. Sama da su wani layi ya zagaye, yana hawa yana sauka, kamar yadda ake ba da labarin kan ganuwar birni. Sama da layin kuma, dab da baki, inda leɓen mai sha zai sauka, rubutun ne.

Na nemi bisimilla ban gani ba. Na juya tasar na nemi sunan Allah, wanda ko yaron da ya shiga makaranta jiya ya san kamarsa, babu. Baƙaƙen ba su riƙe hannun juna ba yadda namu ke yi, kowanne tsaye yake shi kaɗai. Wani kamar kara biyu da aka jingina aka ɗaure da na uku. Wani kamar gwafa. Wani zobe ne kawai. Babu ɗigo ko ɗaya, sama ko ƙasa. Na kifa ta na duba, na karanto daga dama, na karanto daga hagu.

Na mayar da tsumman, na hau jinka. Ban san yadda na gama aikin nan ba. Ina ɗaura ciyawa ina tuna cewa matata ta sa baki a kan baƙaƙen nan sau biyu, sau biyun kuma na ɗauki fartanya na tafi maƙabarta.

Na daɗe ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina ai karatuna kaɗan ne, wataƙila rubutun mutanen gabas ne, ko irin hatimin da manyan malamai ke yi. Amma na taɓa ganin hatimi, gidajensa da baƙaƙenmu ake cika su. Damina ta kankama, muka yi shuka, muka yi noman fari, abin na ci na. In na ga Gwaggo ta shigo gidanmu da ƙunshi sai in zaci tasar ce, alhali kuka ce ko kuɓewa. Har na fara tunanin ko ta san abin da ke jikin tasar tana ɓoyewa. Sai in yi istigfari, don ita ta goya ni lokacin da aka yaye ni.

Wata rana bayan la'asar na tsaya a zauren Malam, limaminmu, wanda shi ya koya mini babbaƙu. Na tarar da shi da wani tsohon bafatake, Babarbare, wanda kakanninsa suka zauna a nan tun da daɗewa. Shi ne abokin tafiyar mijin Gwaggo, yanzu ƙafa ta hana shi zuwa ko kasuwa. Na so in jira ya tashi, na ga ba shi da niyya. Na gaishe su, na yi ta kewaye-kewaye a kan ruwan bana da tsutsar gero, har Malam ya ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, ka ga rana na tafiya."

Na ɗauki tsinke na zana baƙaƙen da na riƙe a ƙasa. A allo na so in rubuto su, amma na ji tsoron sa abin da ban sani ba a inda ake sa maganar Allah.

Malam ya sunkuya ya duba. Ya tashi ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake dubawa.

"Wannan ba Larabci ba ne. Ba ajami ba ne. Na ga na Buzaye a jikin takobi, shi ma ba haka yake ba. Ina ka gan shi?"

Kafin in amsa sai tsohon bafatake ya fashe da dariya har yana tari.

"Ashe dai an kai ga wanda zai duba! Malam, tasar matar abokina ce."

Malam ya dube shi, ya dube ni. "Tasar haihuwa?"

"Ita fa."

Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

"Ina tsaye aka ba shi ita. Can bayan hamada ne, kafin a kai bakin teku. Akwai kufai a wajen, garuruwa na dutse, duk sun rushe, ginshiƙai a kwance kamar an sare giginya. Irin wannan rubutun na jikin duwatsun, manya-manya, raƙumi na iya cin ciyawa a gindinsu. Larabawan wurin sun ce na Rumawa ne, mutanen da suka riƙe ƙasar tun kafin zuwan Manzo. Wani makiyayi ya tono ta, abokina ya ba shi jar fata ya karɓa, don ya ga kyan launin."

"A ina ya tono ta?"

"Ban tambaya ba."

"Baba, ko a kabari ne?"

"Ɗan nan, na ce maka ban tambaya ba."

Ya kawar da kai yana gyara ƙafarsa mai ciwo. Har yau ina zargin ya tambaya.

Malam ya ce, "To yaya aka yi ta zama ta ayoyi?"

"Shi bai taɓa cewa ayoyi ne ba. Tsaraba ya kawo mata ta zuba turare. Muka iso ta kusa sauka, naƙuda ta zo mata da gardama. Ungozoma ta laluba abin ba ta ruwa, hannunta ya faɗa kan tasa, ta ga rubutu ta ce Allahu akbar. Tana sha sai ga ɗa. Kafin mu sauke kayan raƙuma labari ya gama unguwa. Abokina ya ce zai faɗa mata, ya ce sai bayan suna, ya ce sai bayan arba'in. Haka har ya koma ga Allah."

"Kai kuma ka yi shiru shekara da shekaru," in ji Malam.

"Allah ya gafarta Malam, wa zai shiga tsakanin mace da abin da ta haihu a kansa? Kai ma matanka da ita suka haihu."

Na tambayi tsohon me rubutun ke cewa. Ya ce ina zai sani, wataƙila sunan mai ita ne, yadda ake yi wa raƙumi shaida, ko sunayen garuruwan da ya zauna, tunda ga zanen ganuwa. Ya ce wani Balarabe ya gaya musu irin waɗannan na mayaƙan da ke tsaron iyaka ne, da su suke shan abin shansu.

"Wane abin sha?"

"To, mutanen da ba su ga Manzo ba, me kake zato? Fura?"

Na rasa inda zan sa kaina. Ko kabari, ko giya, ko sunan wani gunki, duk a bakin matata.

Malam ya ja tasbaha, sannan ya ce Rumawa dai Allah ya ambace su a Littafinsa, mutane ne kamar kowa. Tagulla in an wanke ta ta tsarkaka, ko me aka taɓa sha a ciki. Amma rubutun da ba a san ma'anarsa ba, ba a neman waraka da shi, kuma ba a rataye shi sama da Alƙur'ani. Ya ce shi bai san yana cutarwa ba, bai kuma san ba ya cutarwa ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. In lokaci ya yi in zo ya yi wa matata rubutu na gaskiya.

"To Malam, ko za ka yi wa Gwaggo magana?"

"Ni? Gwaggonka ce, surukarka ce. Allah ya ba ka sa'a."

Da zan tashi na sa ƙafa na share baƙaƙen. Ina fita kuma na fara tunanin ko sunan wani annabi ne na taka.

Sai da gero ya fara fitar da kai na iya zuwa wurin Gwaggo. A wurinmu namiji ba ya buɗe baki ya yi wa surukarsa maganar cikin 'yarta, ko da kuwa cikin ya kai gwiwa. Na sayi goro, na same ta tana kaɗi a gindin rumbu, na durƙusa nesa kaɗan.

"Goro babu salla babu biki? Me ka ɓata?"

"Gwaggo, dama ranar da na gyara jinka ne, tsumman nan ya zame."

Mazarinta bai tsaya ba. "Ka gani ke nan."

"Na gani. Gwaggo, rubutun nan ba ayoyi ba ne."

"Wa ya ce?"

"Malam ya ce ba Larabci ba ne."

"Malam ya gan ta?"

"Na zana masa."

"Ka zana masa." Ta ajiye mazari. "Kai da ka bar allo tun kafin gemu ya fito maka, ka kalli abu sau ɗaya a bakin ƙofa, ka tafi ka zana wa Malam a ƙasa kamar mai duba. Ni zanenka na ƙasa zan bi ko abin da idona ya gani?"

Na gaya mata abin da tsohon bafatake ya ce, ban da maganar kabari da ta abin sha. Ta ce wannan tsohon tun suna samari maƙaryaci ne, shi ya taɓa cewa ya ga kifi ya fi raƙumi girma. Amma na lura ba ta dube ni ba lokacin da take faɗa.

"Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba," ta ce. "Kai ɗin nan da ke durƙushe, da ita aka haife ka. Uwarka ta wuni tana abu ɗaya, har an fara kuka. Ni na ɗaga kanta na ba ta. In akwai aljani a ciki, to kai ne ɗansa na fari."

Na sunkuyar da kai. Maganar da ke bakina ba ta faɗuwa. Amma ta karanta ta a fuskata, don na ji muryarta ta sauka.

"Biyun da suka koma kake nufi. Jikokina ne, ni na wanke su. Ka ƙirga waɗanda suka koma, ba ka ƙirga waɗanda ke yawo a gonakin nan suna satar rake ba." Ta ɗauki mazarinta. "Kai ne mijinta. In ka hana, ka hana. Amma ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, unguwa ta ji cewa kai ka ce kada a ba ta. Ni ba zan ɗauki wannan a kaina ba."

A nan ta kama ni. In na hana, abin ya sake faruwa, har in mutu ni ne mutumin da ya hana matarsa ayoyi ya kashe ɗansa, kuma matata za ta riƙa kallona da wannan. In na bari, ya sake faruwa, babu wanda zai zarge ni, amma ni na ga baƙaƙen da idona. Na tashi ban hana ba, ban kuma yarda ba. Goron ma a nan na bar shi, ba ta taɓa ba.

Matata ta riga ta ji kafin in iso gida, don a unguwarmu magana ta fi mutum sauri. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ta miƙe ƙafafu saboda kumburi.

"Sannu da zuwa, Malam mai karatun tasa. An ce har Rum ka je yau."

"Ba abin wasa ba ne."

"To me kake so in yi?"

"Ke me kike so?"

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu. Da ta ɗago babu wasa a fuskarta.

"Ina so in goya. Shi ke nan abin da nake so. In na ƙi tasar Inna, ina kwance ina jin tsoro. In na sha, yanzu ka sa mini tsoro. Da ka bar ni da guda ɗaya."

Wannan maganar ta fi ta Gwaggo zafi. Na fita na tsaya a bayan rumbu.

Ranar kasuwa na je na sayo sabuwar ƙwarya. Mai ƙorai ta yi ta miƙo mini masu zane, na ƙi, don a lokacin duk wani zane da ban san mai shi ba zarginsa nake. Na zaɓi fara sumul, na wanke ta da kaina, na rataye a zaure inda ba mai taɓawa. Na ce wa matata in lokaci ya yi rubutun Malam zai zo a cikinta. Ban ce kada ta sha na tasa ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Naƙuda ta zo da hantsi, muna tsakiyar girbin gero. Matar maƙwabcina ta tsaya a kan iyakar gona ta kira ni, ta juya. Na yar da magirbi na nufi gidan Malam. Ya rubuta, ya wanke allon a cikin ƙwaryata, na riƙo ta da hannu biyu ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙofar gida muka yi kiciɓis da Gwaggo, ƙunshinta a hammata. Ta dubi ƙwarya, na dubi ƙunshi.

"Kana da abin faɗa?" ta ce. Mata uku na tsaye suna jinmu.

Na buɗe baki. Daga ciki na jiyo nishin matata.

"Gwaggo, ga rubutun Malam. A ba ta."

"Za a ba ta."

Ta karɓa da hannu ɗaya ta shige. Iyakata zaure, namiji ba ya wuce nan a irin wannan rana.

Na zauna ina karanta duk abin da na riƙe, in kai ƙarshe in komo farko. Kunnena kuwa na cikin gida. Na ji ana zuba ruwa, amma ban san a cikin me ba. Na ji ungozoma na cewa a ɗaga kanta. Can sai na ji wani ƙara siriri, irin na ƙarfe in ya bugi dutse, ya yi ta amsawa kafin ya mutu. Na miƙe tsaye. Na ce wa kaina ai munduwa ma na yin haka in ta bugi turmi. Na koma na zauna.

Ana shirin kiran azahar na ji kukan jariri. Matar maƙwabcina ta leƙo ta ce mace ce, uwa lafiya. Na yi hamdala, amma ban saki jiki ba, don na taɓa jin irin wannan kukan. Kwanakin nan kafin suna ban yi girbi ba, maƙwabta suka ƙarasa mini. Ina zaure ina kasa kunne. In ta yi kuka in ce me ya same ta, in ta yi shiru in ce me ya same ta. Ranar suna da Malam ya raɗa, aka shafa fatiha, aka yanka rago, sai a lokacin na saki jiki.

Tun ranar haihuwar da yamma na shiga tsakar gida ɗaukar igiya, na ga an kife su a rana a kan murfin rumbu, ƙwaryata da tasar Gwaggo, gefe da gefe, dukansu a jiƙe. Matan unguwa suka ce tasa ta sake yin aikinta. Matar Malam ta ce rubutu ne. Na tambayi matar maƙwabcina, ta ce ita tana wajen murhu. Na aika aka tambayi ungozoma, ta ce a gaya mini ita ta karɓi haihuwata, ubana ma bai yi mata wannan tambayar ba.

Na haƙura har aka gama wankan jego. Wata rana da rana matata na zaune a inuwa tana ba yarinyar nono, na zauna kusa da ita na yi ta wasa da ƙafar jaririyar.

"Ranar nan," na ce, "a wanne kika sha?"

Ta dube ni, ta yi dariya har yarinyar ta saki nono.

"Kai dai ba ka taɓa haihuwa ba. A ranar nan ko a takalminka aka ba ni ruwa sha zan yi. Idona a rufe yake."

"Amma leɓe ya san ƙarfe, ya san ƙwarya."

"To leɓena ya manta." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Ga ta nan tana numfashi. Ka bar mu mu huta."

Ban sake tambayarta ba, ko da yake na sha kai maganar bakin harshe. Ina zargin ta sani sarai. Ina kuma zargin Gwaggo ta juye rubutun Malam a cikin tasar ta ba ta, ta yadda kowa ya sami nasa, amma wannan zato ne, ba ni da shaida.

Abu ɗaya na gani da idona. Da rani ya yi na koma gyara wa Gwaggo danga, na leƙa ɗakinta neman wuƙa. Gafakar Alƙur'ani ta koma ƙololuwa, ragayar tasa ta sauko ƙasa da ita. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban nuna na gani ba. Ta ci gaba da kai ta gidajen haihuwa har ƙarfinta ya ƙare, da alwalarta kamar kullum.

Da Gwaggo ta rasu aka raba kayanta, ban ga tasar a cikin rabo ba. Na tambayi matata, ta ce wa ya sani, kayan tsohuwa. Na duba ragayarmu, na duba ƙarƙashin gado, na duba tukunyar da take ajiye auduga, har na ji kunyar kaina na bari.

Yarinyar nan ta girma, muka aurar da ita wajen Kunci, ta dawo gida goyon ciki. Ran da naƙuda ta kama ta, Malam ya riga ya rasu, ɗansa ne ya yi rubutun. Na kawo shi a sabuwar ƙwarya fara sumul, na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Matata ta fito daga ɗakinta, ba daga ɗakin mai naƙuda ba, mayafinta ya ɗan yi tudu a hammata. Ta miƙo hannu ɗaya ta karɓi ƙwaryar.

"Kana da abin faɗa?" ta ce.

"A ba ta," na ce.

Ta juya. Da za ta shiga ɗakin sai gefenta ya gogi bakin ƙofa, wani abu ya yi ƙara siriri a ƙarƙashin mayafin. Na koma zaure na zauna, na ɗauko karatu daga farko.